Hanyar da aka ce "matsakaiciya" ce a tuddan jifsam na Bolonya: ta dace da dattijo da yara a watan Nuwamba?

Baban Amira

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina neman shawarar waɗanda suka san gandun da ke kudu maso gabashin birnin Bolonya a Italiya, wanda ake kira Gessi Bolognesi e Calanchi dell'Abbadessa, inda tuddan jifsam, wani farin dutse mai ƙyalli, suke maƙwabtaka da kwazazzaban yumɓu. Kawuna ya zo mana ziyara daga Katsina, ya haura shekara 60, kuma zaman ɗaki ya fara isarsa, domin mutum ne da ya saba sammako zuwa gona. Na yi niyyar fita da shi ranar Lahadi mai zuwa tare da yarana biyu, mai shekara 12 da mai shekara 9. A taswirar da na samu an sanya wa yawancin hanyoyin harafin E, aka kuma ce mini ma'anarsa ita ce matsakaiciya. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, da ƙafar wa aka auna wannan matsakaicin? Ga shi an kwana biyu ana ruwa, Talata da Laraba, kuma a tsarina ina so mu fara da ramin Spipola da safe, sannan mu ƙarasa kwazazzaban Settefonti da rana.

Ɗan Zango na Modena

Wa alaikumus salam, Baban Amira. Ka ɗauki Kawu ku tafi, babu abin tsoro. Na je wurin sau uku, kuma tuddan nan yawancinsu ba su kai mita 400 daga matakin teku ba, ga gidaje da gonaki da titin mota suna kewaye da su ta kowace fuska. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana tafiya gona da dawowa da fartanya a kafaɗa ba zai gaji a hanyar da tsofaffin Italiyawa suke bi da karnukansu ranar Lahadi ba. Ni aikin silin da shafe bango nake yi shekara da shekaru, jifsam kuwa shi ne abincina, kuma na san cewa dutse ne mai kaushi wanda takalmi yake kamawa da kyau.

Maman Yusra

Malam Ɗan Zango, ina neman afuwa, amma ba zan iya yin shiru a kan wannan ba. A wane wata ka yi zuwan nan naka uku? Ina tambaya ne domin ni ma a zuwana na farko, a cikin watan Satumba, da takalmin motsa jiki na bi hanyar kwazazzaban, na dawo ina gaya wa kowa cewa wasa ce. A zuwa na biyu, cikin watan Maris, an yi ruwa kwana uku kafin mu fita, ranar kuma gari ya waye garau, har saman ƙasar ya bushe ya tsattsage kamar bakin tafki da rani. Ban fi taku ashirin da barin tsakuwa ba ɓawon nan ya fashe a ƙarƙashina, ƙafata ta nutse cikin wani toka-tokan yumɓu mai danƙo. Ko da na zaro ta, tafin takalmin ya ɗauko laka mai kaurin yatsu uku, haƙoransa duk sun cike, ya koma sumul kamar gindin faranti. Daga nan duk takun da na yi sai nauyin ya ƙaru, a kan gangara kuma babu abin da yake riƙe ni. Na zame na zauna a kan ƙafar hagu, na yi targaɗe a idon sawu, kuma hanyar da muka shigo cikin minti 40 sai da muka yi kusan awa biyu kafin mu fita daga cikinta, maigidana yana tallafe da ni.

Tudun bai ƙara tsawo ba tsakanin Satumba da Maris, harafin da ke kan allon ma bai canja ba. Ƙasar ce ta canja. Shi ya sa nake roƙon Baban Amira kada ya auna lafiyar Kawu da tsawon tudu.

Ɗan Zango na Modena

Allah ya kiyaye gaba, Hajiya. Gaskiya ne, duk zuwana da bazara ne da farkon kaka. Sai dai abin da kika ba da labari yumɓu ne, ni kuwa maganar dutse nake yi.

Ɗalibi daga Sakkwato

Gaisuwa ga iyaye da yayye. Ina karatun ilimin duwatsu a nan Bolonya, kuma an sha kai mu wannan gandu domin darasin fili, don haka zan faɗi abin da na sani, a gyara mini inda na kauce. Yaya Ɗan Zango da Anti Maman Yusra duk sun faɗi gaskiya, domin ƙasa iri biyu ce aka haɗa a ƙarƙashin suna ɗaya, kuma kowace da yadda take karɓar ruwan sama.

Jifsam ɗin da ke tuddan Croara da Farneto ya samu ne kimanin shekara miliyan 6 da suka wuce, lokacin da mashigar da ke haɗa Bahar Rum da tekun Atlantika ta toshe, ruwa ya riƙa ƙafewa fiye da yadda yake shigowa, gishirin da ke cikinsa ya riƙa kwanciya hawa-hawa. Wanda ya taɓa ganin ramukan gishiri na Bilma ya ga ƙaramin misalin wannan aiki. Idan ruwan teku yana ƙafewa, jifsam ne yake riga gishirin miya kwanciya, kuma a nan ya fito da manyan ƙwayoyi masu sheƙi kamar gilashi, waɗanda ake kira selenite. Dutse ne mai taushi ƙwarai, har farce yana iya karce shi, kuma yana narkewa a ruwa: lita ɗaya tana iya narkar da gram 2 da 'yan kai. Adadin yana da kamar ƙanƙanta, amma ya ninka narkewar farar ƙasar da ake yin siminti da ita nesa ba kusa ba. Saboda haka ruwan sama ba ya daɗewa a saman waɗannan tuddai, sai ya bi tsaga ya shige ciki, ya fafe dutsen daga ƙasa. Da haka aka samu koguna fiye da 150 a yankin, da manyan ramuka masu siffar ƙwarya irin na Spipola, wanda faɗinsa ya kai kimanin mita 700, yana kuma cikin mafi girma irinsa a yammacin Turai.

Yumɓun kwazazzaban kuwa, waɗanda Italiyawa suke kira kalanki, akasin haka yake. Ya girmi jifsam ɗin da miliyoyin shekaru, asalinsa lakar ƙasan wani tsohon teku ce da aka turo sama lokacin da tsaunukan Apennini suke tasowa. Ruwa ba ya ratsa shi. Idan ya jiƙe sai ya kumbura ya yi danƙo, idan ya bushe sai ya tsuke ya tsage, ruwa na gaba kuma ya bi tsagar ya yanka shi, har gangaren ya koma wuƙaƙe-wuƙaƙe, babu ciyawar da take samun zama. Abin da ya faru da Anti shi ne abin da malamanmu suke gargaɗinmu a kai kullum: rana ɗaya tana isa ta busar da ɓawon sama, amma cikin yana iya riƙe ruwa kwana da kwanaki, balle a Nuwamba da rana ba ta da ƙarfi kuma hazo yana kwana a kwari.

Inda zan saɓa wa Yaya Ɗan Zango kaɗan shi ne batun kaushin dutsen. Busasshen jifsam yana kama takalmi, haka ne. Amma wanda yake cikin inuwar kurmi, wanda dubban ƙafafu suka goge, idan raɓa ta sauka a kansa ko gansakuka ta rufe shi ko ganyen kaka ya lulluɓe shi, santsinsa ba ya da bambanci da na dandamalin rijiya. Matakalan da aka sassaƙa a gangaren da ke sauka cikin ramin Spipola suna cikin wuraren da na fi ganin mutane suna zamewa.

Baban Amira

Allah ya ƙara basira, ƙanena. Yanzu na gane cewa tafiya biyu na haɗa a rana ɗaya ba tare da na sani ba. To, shi harafin E ɗin fa, mene ne amfaninsa idan bai faɗi wannan ba?

Dattijon Zaure

Bari in sa baki a nan, domin na daɗe ina bin ƙungiyar masu hawan tsauni ta Italiya, wato CAI, wadda aka kafa a Turin tun 1863, kuma ita ce take shafa jan fenti da fari a jikin itatuwa da duwatsu tare da lambar kowace hanya. Matakanta huɗu ne sanannu. T hanya ce ta yawon buɗe ido, mai faɗi, wadda ba a ɓata a cikinta. E hanya ce ta daji ko tudu wadda ba ta buƙatar igiya ko kama dutse da hannu, amma tana buƙatar takalmin da ya dace, da ɗan juriya, da sanin yadda ake bin alama. EE ta ƙwararru ce, EEA kuma sai da kayan ɗaure jiki. Abin lura shi ne, E ta fi kowane mataki faɗi, domin a cikinta akwai zagayen awa ɗaya a bayan gari, akwai kuma hawan awa shida a tsaunukan arewa. Harafin yana gaya maka irin hanyar ne a ranar da yanayi yake daidai. Ba ya gaya maka abin da aka yi a sama jiya, kuma lokacin da ake rubutawa a allo lokacin mai matsakaicin sauri ne wanda bai tsaya hutu ko salla ko ɗaukar hoto ba.

Don haka, Baban Amira, tambayoyi uku nake yi wa kaina kafin in fita da baƙo. Kwana nawa ke nan rabon da a yi ruwa? Wane ne mafi rauni a cikinmu, kuma a ina rauninsa yake? Idan an gaji a tsakiya, akwai inda za a yanke a fita titi? Game da Kawu, ba numfashinsa nake ji ba, domin manomi ya fi mu duka. Gwiwarsa nake ji a wajen sauka, da kuma cewa ƙafarsa ta saba da yashi da jigawa, inda ƙasa take riƙe mutum idan ya taka. Wanda bai saba da santsi ba yakan miƙe jikinsa ya jingina baya idan ya ji zai zame, wannan kuwa shi ne yake kayar da mutum.

Ɗan Zango na Modena

Ranka ya daɗe, na karɓi gyaran da aka yi mini a kan santsin dutse, domin ko a wurin aiki, garin jifsam da ya zube a ƙasa ya taɓa ruwa ya sha kayar da mu. Amma akwai abin da yake damuna a yadda muhawarar nan take tafiya, kuma zan faɗe shi ko da ba zai yi daɗi ba. Mutanenmu a ƙasar nan ba su rasa masu ba su tsoro ba. Daga Nuwamba zuwa Maris iyalai da yawa ba sa zuwa ko'ina sai wurin aiki da masallaci da kanti, yara suna kan waya, iyaye mata suna cikin ɗaki, hawan jini da ciwon suga suna ƙaruwa a tsakaninmu. Yanzu ga mutum ɗaya ya yi niyyar fita da iyalinsa ya shaƙi iska, mun taru mun jera masa targaɗe da laka da ramuka. Wanda yake karantawa bai yi magana ba, abin da zai ɗauka shi ne wurin nan haɗari ne, ba namu ba ne. Alhali gandun yana bakin gari, motar haya tana kai mutum kusa da shi daga garin San Lazzaro da ke gefen Bolonya, ba a biyan ko sisi kafin a shiga hanyoyinsa, kuma a 2023 hukumar UNESCO ta sanya kogunan jifsam na wannan yanki cikin wuraren tarihi na duniya. Mutane suna tasowa daga wasu ƙasashe domin su gani, mu da muke biyan haraji a nan muna zaune.

Maman Yusra

Wannan magana taka ta shige ni, Malam, kuma ban musa ko ɗaya daga cikinta ba. Ni ma ban daina zuwa ba bayan na warke. Abin da nake gudu shi ne fitar farko ta zama ta ƙarshe. Idan Kawu ya faɗi a gaban jikokinsa, ko yarinya ta dawo tana kuka da laka har gwiwa, wannan gidan ba zai sake yarda da maganar tudu ba, labarin kuma zai zaga sauran gidaje fiye da yadda labarin daɗi zai zaga. Ban ce kada su fita ba. Cewa na yi a raba tafiyar biyu, a yi ta dutse yanzu idan an samu kwanakin bushewa, a ajiye ta yumɓu zuwa lokacinta.

Ɗalibi daga Sakkwato

Ina goyon bayan raba tafiyar, kuma akwai wani dalili da ba a ambata ba tukuna. Ƙasar wannan yanki ba ta gama zama ba tun ambaliyar watan Mayu na 2023, wadda ta jawo zaftarewar ƙasa a dubban wurare a tuddan wannan jiha ta Emilia-Romagna, sannan a Oktoban 2024 ruwa ya sake yin ɓarna mai yawa a kwarin Zena, wanda yake ratsa tsakiyar gandun. Taswirar da aka buga kafin waɗannan shekaru tana iya nuna hanya a inda yanzu gangare ya tsage. Hukumar gandun takan sanar da hanyoyin da aka rufe, jihar kuma tana fitar da gargaɗin yanayi kullum da launuka huɗu, kore da rawaya da ruwan lemo da ja. A kan yumɓu, ni ko rawaya na gani ba na fita. Idan kuma an ga igiya ko allo an tare hanya, a yarda da shi, domin a ƙasar jifsam rami yana iya buɗewa a ƙarƙashin ganye a inda babu shi bara, musamman ga yaron da ya bar turba ya bi gefe.

Yaya Ɗan Zango ya ce wurin namu ne mu ma, kuma ni dutsen da kansa ya sa na ji haka. A gida, wajen Dange da Shuni da Wurno, mutanen ƙauye suna haƙo jifsam daga cikin yumɓu, falle-falle masu sheƙi, a tara a buhu a sayar domin masana'antar siminti, wadda take zuba kaɗan daga cikinsa, kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari, domin kada siminti ya daskare tun kafin magini ya gama aiki da shi. Ranar da na fara ganin tudu guda sukutum na abin da na saba gani a buhu, na daɗe a tsaye ban ce komai ba. Idan kun shiga tsakiyar Bolonya, ku dubi gindin dogayen hasumiyoyin nan biyu, Asinelli da Garisenda, za ku ga tubalan selenite ne, ganuwar birnin ta farko ma da shi aka gina ta. An ci gaba da fasa waɗannan tuddai har cikin rabin ƙarshe na ƙarni na 20, masu binciken koguna suka yi ta fafutuka kafin a tsayar da aikin, aka kafa gandun a 1988.

Ɗan Zango na Modena

Wannan shi ne irin bayanin da nake so yaranmu su ji. Fiyofin da muke yi wa silin a Kumasi da Kano ba wani abu ba ne illa wannan dutse da aka gasa a wuta mai zafin kusan digiri 150 har yawancin ruwan da ke cikinsa ya fita, idan an sake kwaɓa shi da ruwa sai ya koma dutse cikin 'yan mintoci. Baban Amira, ka nuna wa yaran wannan a wurin, su taɓa da hannunsu. Na janye maganar haɗa wuraren biyu a rana ɗaya, amma ban janye maganar fita ba.

Dattijon Zaure

Madalla. Saura batun lokaci, wanda mu muka fi kowa buƙatar lissafa shi. Tun da aka mayar da agogo baya a ƙarshen Oktoba, rana tana faɗuwa kafin ƙarfe biyar, a cikin rami mai kurmi kuma duhu yana riga haka. Azahar da la'asar suna matse da juna, saboda haka wanda ya bar gida ƙarfe goma sha ɗaya ya riga ya makara. Ku ɗauki ruwan sha da na alwala daga gida, domin a kan jifsam da wuya a ga rafi a sarari, wanda ya ɓuɓɓugo daga cikinsa kuma yana da ɗaci da nauyi, ba na sha ba ne. Na san wani zai tambaya, don haka in faɗa tun yanzu: malaman Malikiyya sun halatta taimama da jifsam matuƙar ba a gasa shi ba, amma wannan hukunci ne na wanda ya rasa ruwa, ba na wanda ya ƙi ɗaukar gora ba. A samo wa Kawu takalmi sau-ciki mai haƙora wanda ya rufe idon sawu, a ba shi sanda, kada kunya ta hana. A ajiye lambar 112 a waya, a kuma gaya wa wani a gida lambar hanyar da za a bi. Kogon Spipola da na Farneto ba a shiga sai da ɗan jagora da hular kwano da fitila, kuma sai an yi rajista tun kafin ranar, don haka kada yara su sa rai da shiga wannan karon.

Baban Amira

Na gode muku gaba ɗaya. Na ɗage tafiyar da mako guda, domin hasashen yanayi ya nuna za a samu bushewa daga Laraba. Za mu yi zagayen Croara da Spipola kawai. Zan dawo da labari in Allah ya yarda.

Baban Amira

Assalamu alaikum. Alƙawari kaya ne, ga labarin. Mun ajiye mota a La Palazza ƙarfe tara da rabi, bayan kwana huɗu babu ruwa. A saman tudun, inda rana take bugawa, dutsen a bushe yake, yana walƙiya kamar an farfasa kwalabe an watsa. Kawu ya tsuguna ya sa farcen babban yatsansa ya ja layi a jikinsa, ya dubi farin garin da ya maƙale masa, ya ce shi bai taɓa ganin dutsen da farce yake ci ba. Amira ta tsinci wani ɗan ɓallin da ya faɗo, ta ɗora shi a kan rubutun taswira, haruffan suna fitowa ta cikinsa dishi-dishi. Na sa ta mayar da shi inda ta ɗauka, domin doka ta hana fita da dutse daga gandun.

Da muka fara sauka cikin ramin sai komai ya juya. Iskar ta yi sanyi a hankali kamar ana shiga ɗakin ƙasa, har muka mayar da rigunan da muka tuɓe a sama, ganyen da ke ƙasa kuma a jiƙe yake sharaf duk da kwana huɗun nan. A nan na ga gaskiyar maganar ƙanenmu ɗalibi. A kan wani mataki da ya goge, ƙafar Kawu ta tafi, sandar ce ta tsayar da shi, kuma da farko sai da muka yi ta lallashi kafin ya karɓe ta, yana cewa shi bai tsufa ba. Daga wurin ya riƙa saukowa a karkace, yana dasa sandar kafin ya ɗaga ƙafa, yaran suna kwaikwayonsa. Mun tsaya a Buca delle Candele, inda ruwa ya sassaƙa bangon dutsen ya zama dogayen ginshiƙai a jere kamar kyandir, mun kuma ga ƙofar ƙarfen kogon Spipola a kulle. Allon da ke wurin ya sa na karanta musu cewa Luigi Fantini ne ya gano kogon a 1932, kuma mutanen yankin sun ɓuya a cikinsa lokacin yaƙin duniya na biyu. Hawowa ta fi sauka sauƙi ga Kawu nesa, har ya bar ni a baya ina haki. Da hutu da cin abinci da sallar azahar, tafiyar ta ɗauke mu awa uku da rabi.

Da yake da sauran rana, sai muka bi ta Ozzano da mota muka hau Settefonti, muka tsaya a bakin titi kusa da tsohuwar hasumiyar cocin da yaƙi ya rushe, muka hango kwazazzaban daga sama ba tare da mun shiga ba. Ɗana ya matsa sai ya taka, na bar shi ya sa ƙafa ɗaya a bakin turbar ina riƙe da hannunsa. Saman a bushe yake fes, amma takalmin ya fito da laka kamar yadda Maman Yusra ta siffanta, har yanzu yana baranda ban gama kankare shi ba. Kawu ya daɗe yana kallon gangaren, sannan ya ce a garinsu idan gona ta fara yin haka kuka ake yi, ana jera buhunan yashi ana dasa itatuwa, ga shi a nan an kewaye abin an ce a zo a gani. Ya tambaye ni ko mutanen da suke noma a gefen ba sa tsoron wata rana kwazazzabon ya cinye musu gona, ban sami amsar da zan ba shi ba.

Ɗalibi daga Sakkwato

Alhamdu lillahi da kuka dawo lafiya, Yaya. A gaya wa Kawu cewa suna tsoro, kuma yana ci. Akan ga inda kan kwazazzabo yake matsowa cikin gona bayan kowace shekara mai ruwa, shi ya sa manoman suke yanka magudanai a gicciye domin su karkatar da ruwa daga bakinsa, suna kuma barin gefen da ciyawa da ƙananan itatuwa ba sa nome shi. Idan kuna son shiga kwazazzaban da ƙafa, ku jira ƙarshen Mayu ko farkon Yuni, bayan mako guda babu ruwa, lokacin da furanni ja da rawaya suke rufe gefen gangaren. A fita da sassafe domin babu inuwa ko kaɗan a can, a sa dogon wando saboda kaska, a kuma duba jikin yara da an dawo gida.

Ɗan Zango na Modena

Idan Allah ya kai mu Mayun, a sanar a zaure tun da wuri. Motata tana ɗaukar mutum bakwai, kuma akwai gida biyu a unguwarmu da yaransu ba su taɓa taka tudu ba tun da aka haife su.

Maman Yusra

A sa sunana da na Yusra. Ina da sanduna biyu da zan ara wa duk wadda ba ta da shi.